Tsohuwar Bindigar Gasa: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Yi Mata Kuɗi

A gidajen gwanjon tsofaffin makamai na Ingila da Amurka da Jamus akwai wani rukunin bindigogi da ba a ƙera su don yaƙi ba, ba kuma don farauta ba. Nauyi gare su, wasu sukan kai kilo 5 zuwa 6. Da yawansu harsashi ɗaya suke ci, a harba, a fitar da kwanso, a sake ɗura wani. Harsashin kansa ɗan mitsitsi ne, kaurinsa milimita 5.6, shi ake kira .22 saboda awonsa a inci. Aikinsu ɗaya ne tak, huda takarda. A gasar duniya ta mita 50, da'irar tsakiya da ke ba maharbi maki goma faɗinta milimita 10.4 ne, kuma a salon harbin kwance sau 60 ake son ya same ta a zama guda.

A wajenmu, inda sunan bindiga ya zama sunan zaman makoki a garuruwa da yawa, mai karatu zai iya jin nauyin wannan zance, kuma yana da gaskiya. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ba ta yarda kowa ya ajiye irin wannan bindiga ba sai da lasisi, kuma haka ya kamata. Amma waɗannan ƙarafa suna ɗauke da tarihin wani wasa da na wata sana'ar ƙira da ta kai matuƙa wajen kyau. Yadda masana ke karanta su da yadda suke yanke musu farashi ilimi ne da ya cancanci a san shi.

Harsashin ne ya riga bindigar zuwa. Kamfanin Stevens na Amurka ya fito da .22 Long Rifle a 1887, harsashi mai araha, marar ƙara sosai, wanda ba ya dukan kafaɗa. Abin da ya mayar da harbi da shi wasan jama'a a Ingila shi ne yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, inda manoman Bowa suka nuna wa sojan Birtaniya cewa sun fi su iya saiti. Abin ya yi wa manyan ƙasar ciwo. Lord Roberts, wanda ya jagoranci rundunar a can, ya tsaya kai da fata a kan a koya wa talaka harbi. A 1901 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗin harbi na ma'aikata, wadda bayan sauye-sauyen suna ta zama NSRA a 1947. Masana'antu da ƙauyuka da makarantu suka buɗe filayen harbi na yadi 25, wasu a ƙarƙashin gini. Kulob zai harbi takardunsa a gaban shaida, a aika su ta gidan waya a yi alƙalanci, don haka maharban garuruwa biyu kan kara da juna shekara da shekaru ba su taɓa haɗuwa ba. Da wannan salon ake yin gasar kofin Dewar tsakanin ƙasashe tun 1909. Jamus kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta taƙaita sojanta zuwa 100,000, sai ƙananan bindigogin wasa suka zama hanyar horar da matasa, har aka fito da samfurin DSM 34 a 1934, wanda aka yi wa siffar bindigar soja da gangan.

Sanin wannan tarihi shi ne rabin ganewa, domin kowace ƙasa da irin hannunta. Idan ka ga bindiga ba ta da sakata, sai wani mariƙi a ƙasa bayan kunama, wanda in an danna shi wani dunƙulen ƙarfe ke sunkuyawa ya buɗe wurin ɗura harsashi, to wannan tsarin Martini ne, kuma galibi aikin kamfanin BSA na Birmingham ne. Samfuran 12 da 15 da 12/15 su suka cika kulob-kulob na Ingila kafin yaƙin duniya na biyu da bayansa kaɗan, sannan a 1950 aka fito da Martini International mai kauri da nauyi. Akwai wani abu a ƙananan Martini da nake ganin ya isa a tsaya a kalla. A gefen gidan ƙarfen akwai ƙusa guda. In an zare ta, dukkan kayan ciki, da kunama da dunƙulen da abin fitar da kwanso, suna zamowa waje a haɗe, a riƙe su a tafin hannu. Dabarar maƙeran Francotte ce na birnin Liyej a Beljiyam. Mai saye yakan fitar da wannan curin ya duba ko lambar da ke jikinsa ta dace da ta gangar jikin bindigar, domin a ɗakin ajiyar kulob, inda ake wanke goma a kan tebur ɗaya, ana yawan musanya su ba da niyya ba.

A Amurka sarautar ta Winchester 52 ce. An fara sayar da ita a 1920, aka daina ƙera ta a 1980, an yi kimanin 125,000. Mai sakata ce, kuma harafin da ke bin lambarta shi ke faɗin zamaninta: B daga 1937, C daga 1951, D daga 1961, E daga 1969. Na farkon, waɗanda ba su da harafi ko kaɗan, suna da wani sanannen lahani. Makullin kariya da ke gefen hagu yakan danne wani ɗan tudun ƙarfe a bayan gidan sakata har ya tsage, kuma gyaran wannan matsala ne ya haifar da samfurin A. Duk wanda aka miƙa wa tsohuwar 52 marar harafi, wurin nan zai fara kai ido. Kishiyarta ita ce Remington 37, wadda aka yi daga 1937 zuwa 1954, ba a kuwa yi ta da yawa ba, kimanin 12,000 ne kacal, shi ya sa masu tara kaya ke bin ta. A ƙasa da su akwai na masu koyo, irin su Winchester 75 da Remington 513T, waɗanda sojan Amurka ya saya da yawa don horo a yaƙin duniya na biyu. Daga baya Jamus ta ƙwace fagen. Gidan Anschütz, da aka kafa a 1856, ya koma birnin Ulm bayan yaƙi, ya fito da tsarin Match 54 a 1954, kuma daga shekarun 1960 da wuya ka je babbar gasa ba ka ga layin maharba cike da shi ba.

To, sunan kamfani da na samfuri ba su isa ba. Shekarar ƙira ake so, kuma a nan ne tambarin gwaji ke shigowa. A Ingila da Jamus doka ba ta yarda a sayar da bindiga ba sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da kima, in ta jure a buga mata tambari. Gidan gwajin Birmingham yana aiki tun 1813. Kambi a bisa haruffan BNP yana nuna gwajin tsakiyar shekarun 1950 zuwa gaba. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin tambari na sanduna biyu a gicciye da harafi a tsakani, wanda sai da gilashin ƙara girma ake karanta shi, harafin nan shi ke faɗin shekara. A Jamus kambi a bisa B da U da G na kafin yaƙi ne, gaggafa a bisa N kuwa daga 1940. Ƙahon barewa alamar gidan gwajin Ulm ce, a gefensa akwai shekara, da farko da lambobi biyu, daga baya da haruffa biyu, A a madadin 0, B a madadin 1, haka har zuwa 9. Sai dai a kula, tambari ranar gwaji yake faɗi, ba ranar ƙira ba. Bindigar 1930 da aka sauya wa bututu a 1960 za ta koma gidan gwaji ta fito da sabon tambari, ita kuwa tsohuwa ce.

Amurka ba ta da gidan gwaji na gwamnati, kowane kamfani da nasa salon. Remington ya riƙa buga haruffa a gefen hagu na bututu, inda kowane harafi na BLACKPOWDERX ke wakiltar wata guda, B Janairu, X Disamba, sai wani harafin na shekara. Winchester ya riƙa buga W da P a haɗe cikin da'ira mai siffar ƙwai a kan bututu da gidan sakata. In ka ga P ita kaɗai a da'irar, to bututun nan saye aka yi daban, wani maƙeri a waje ya ɗaura shi. Kada kuma rashin lamba ya tayar wa mutum da hankali a kan ƙananan samfura masu araha, domin kafin dokar 1968 ba a tilasta wa kamfanonin Amurka buga lamba a kan irin waɗannan ba. Rashin lamba daban, gogaggiyar lamba daban. Ta biyun laifi ce babba, ba a ma taɓa irin wannan ciniki.

Mai sayen doki ba ya tsayawa ga ƙyallin gashi, baki yake buɗewa ya duba haƙora. Haƙoran bindigar gasa su ne cikin bututunta. Bayan an tabbatar babu harsashi, sai a cire sakata, a ajiye farar takarda inda haske ke faɗa mata, a leƙa ta ɗaya ƙarshen. Lafiyayyen bututu yana sheƙi, layukan da ke murɗa harsashi suna tafiya da kaifinsu, zagaye ɗaya a kowane inci 16. In ka ga duhu-duhu kamar an barbaɗa toka, tsatsa ce ta ci. Wannan ya fi yawa a waɗanda suka yi aiki kafin ƙarshen shekarun 1920, lokacin da sinadarin tayar da harsashi ke barin gishiri mai jawo laima. Sai wajen 1927, da Remington ya fito da harsashin Kleanbore, aka fara rabuwa da wannan masifa. In kuma ka ga wani baƙin zobe a tsakiyar hanya, to wata rana harsashi ya maƙale aka harba wani a bayansa, ƙarfen ya kumbura. Sau da yawa yatsa ma yana jin kumburin ta waje.

Wurare biyu ne suka fi saurin lalacewa, kuma dukansu hannun mai ita ne ke ɓata su, ba harbi ba. Na farko bakin bututu, inda harsashi ke sallama da ƙarfe. Wanda ya shekara talatin yana cusa sandar wanki ta gaba zai cinye gefen bakin, iskar da ke tura harsashi ta riƙa fita ta gefe ɗaya, saiti ya watse. Na biyu gefen ɗakin harsashi. Shi .22 a gefen gindinsa ake dukansa, ba a tsakiya ba, don haka in ana ɗana kunama ba harsashi, allurar takan daki ƙarfen bututu ta bar ɗan lotsi, daga nan kwanso ya fara maƙalewa. Dalma mai laushi da ɗan albarushin da ke cikin wannan harsashi ba sa cin ƙarfe da sauri, shi ya sa bindigar da ta harba dubun dubata a hannun mai kula takan fi wadda ta kwana a soro shekara arba'in ba a duba ta ba.

A tsofaffin bindigogin Ingila za a iya ganin wani siririn zobe a fuskar bakin bututu da rubutun PARKERIFLED kewaye da shi. Gidan A. G. Parker na Birmingham ne ya huda tsohon bututun ya zura masa sabon siririn bututu a ciki. Mai tara kaya zai ce ai ba na asali ba ne. Maharbi kuwa murna zai yi, don aikin nan ya yi suna wajen kyau.

A nan ne muka iso ga abin da ya fi ruɗa masu yanke farashi, kuma shi ne ainihin abin da nake son faɗi. Masu saye iri biyu ne, kuma abin da ɗaya ke biya dominsa shi ɗayan ke ragewa kuɗi saboda shi. Mai tara kaya yana son bindiga yadda ta bar masana'anta, da baƙin rinin ƙarfenta na asali, da ƙotarta ba a taɓa ba. Littafin farashi na Blue Book da ake amfani da shi a Amurka da kaso cikin ɗari yake auna rinin da ya saura, kuma tazarar kuɗi tsakanin mai kaso 98 da mai kaso 80 ba kaɗan ba ce. Amma bindigar gasa ba don a rataye ta aka yi ta ba. Maharbi na gaske sai ya daidaita ta da jikinsa. Ya rage tsawon ƙota ko ya ƙara, ya ɗaga wurin ɗora kunci, ya huda bututu ya kafa mazaunin madubin hange na Unertl ko Lyman, ya cire kunamar kamfani ya sa ta Canjar mai sauƙin taɓi, ya sayo mariƙin hannu daga shagon Al Freeland. Ke nan wadda ta fi cin kofuna ita ce ta fi shan sauyi, wadda ta tsira sumul kuwa sau da yawa ba ta taɓa zuwa babbar gasa ba.

A ganina kuskure ne a zuba kowane sauyi a kwando ɗaya. Kunamar Canjar da aka ɗaura a shekarun 1950, ko takardun gwajin nauyi na gasa da aka liƙa a ƙota, ko farantin azurfa mai sunan kulob, waɗannan shaidu ne na rayuwar da bindigar ta yi, kuma mai saye da ya san abin da yake yi yakan biya su. Abin da ke kashe daraja shi ne gyaran kwalliya na daga baya, wanda ake yi don a burge mai saye. A sa samfefa a ƙota har katako ya koma ƙasa da gefen ƙarfe, alhali daga masana'anta katakon ne ke ɗan ɗarawa. A kai ƙarfe injin goge har gefunan haruffa su yi laushi, ramukan sukurori su yi faɗi kamar kwano, a sake rina shi ya yi baƙi ƙirin. Rubutun kamfani na asali yana da ɗan tudu a gefen kowane harafi, inda ƙarfe ya taso da aka buga tambari. In tudun nan ya tafi, an goge. Ana iya gyara bakin bututu, ana iya samo sukurin da ya ɓata, amma rinin 1938 in ya tafi ya tafi ke nan. Abin baƙin ciki, magada ne suka fi yin wannan ɓarna, da kyakkyawar niyya, suna son su gyara kayan mahaifinsu kafin su kai kasuwa.

Inda kuɗi ya yi yawa, jabu ba ya nisa. Winchester ya yi wani ɗan reshe na 52 don farauta, daga 1934 zuwa 1958, mai siririn bututu na inci 24, da ƙota mai zane da baƙin kai. Ba a yi shi da yawa ba, kuma farashinsa yakan ninka na 'yar'uwarsa ta gasa sau da dama. Sai wasu suka riƙa ɗaukar ta gasa mai inci 28, su yanke bututun, su fere shi, su yi masa sabuwar ƙota. Ana kama su ta ramukan mazaunin madubi da aka toshe, da rubutun da ya dushe ko aka sake bugawa, da lambar da ba ta dace da siffar ba. Ga kuma waɗanda kamfanin Miroku na Japan ya ƙera da izini a shekarun 1990. Su ba jabu ba ne, kyawawa ne ƙwarai, amma kuɗinsu daban. Haka abin yake ga tambarin mallakar gwamnati, ko rubutun dukiyar Amurka, ko kibiyar nan mai faɗin kai ta sojan Birtaniya da ake gani a kan Lee-Enfield No. 8, ƙanwar bindigar .303 da tsofaffin 'yan sandanmu suka riƙa saɓawa. Tambarin yana ƙara kuɗi, don haka akwai masu buga na ƙarya. Littafin Herbert Houze a kan Winchester 52 shi masu wannan harka ke buɗewa kafin su yi tayi, kuma wanda ya sayi mai tsada da hoto biyu kawai, cinikin biri a sama ya yi.

Kayan saiti kuwa ciniki ne a cikin ciniki. Idon saiti na baya, mai ɗan rami da ake leƙawa da maɓallan juyawa masu ƙas-ƙas, na Parker-Hale ne a Ingila, na Redfield ko Lyman a Amurka. A kan bindigar masu koyo, kuɗin wannan ɗan ƙarfe zai iya kusantar na bindigar kanta, madubin Unertl mai kyau ma yakan wuce ta. Dillalai sun sani, shi ya sa suke kwance su su sayar daban. Duk bindigar gasa da ta zo da ramukan sukurori fayau ba idon saiti, sai a cire kuɗin nemo shi daga farashi, a kuma tuna cewa kowane samfuri da irin mazauninsa.

Sauran abin da ke yanke farashi ba ya jikin bindigar ma, doka ce da wuri. A Birtaniya .22 tana buƙatar takardar izinin 'yan sanda komai tsufanta, tun da har yau ana sayar da harsashinta, kuma kowace bindiga sai mutum ya kawo dalilin mallakarta. Masu saye kaɗan ne, kulob-kulob da yawa sun rufe, tsofaffin Martini sun yi yawa a shaguna. A Amurka, inda tara su ya fi sauƙi, wannan BSA ɗin dai takan yi kuɗin da ya fi na garin da aka ƙera ta. Don haka tambayar nawa ce kuɗinta ba ta da amsa sai an ce a ina. Kuma farashin da mai kaya ya rubuta a talla ba shi ne farashi ba. Abin dubawa shi ne nawa aka sallama irinta a gwanjon Holts a Ingila ko na Rock Island a Amurka cikin 'yan shekarun nan, a haɗa da la'adar da gidan gwanjo ke ɗora wa mai saye. Cire harbin kwance na mita 50 daga wasannin Olamfik bayan na Riyo a 2016 bai taimaka wa wasan ba, ko da yake gasannin tsofaffin bindigogi da ake shiryawa a filin harbi na Bisley a Ingila da wasu kulob-kulob na Amurka sun sa an sake zaro da yawa daga akwati.

Ga mai saye don harbi, takarda ce ke da maganar ƙarshe, amma ita ma sai an yi mata adalci. Kowane bututun .22 da harsashin da yake so. Ko Eley Tenex, wanda ake yi tun 1951 kuma manyan maharba ke dogara da shi, wani rukunin ƙira yakan dace da wani bututu ya ƙi wani. Ana ɗora bindigar a kan matashi, a fara harba 'yan kaɗan don bututun ya ɗauki maiƙon sabon harsashi, sannan a harba goma-goma da iri uku ko huɗu a mita 50, a rana marar iska. Rukuni ɗaya mai kyau na harbi uku da mai sayarwa ya yanko ya nuna ba hujja ba ce.

Shi kuwa wanda ya gaji irin wannan bindiga a ƙasar da ake wasan, matakin farko shi ne ya sanar da hukuma ko dillali mai lasisi, domin izinin mamaci ba ya wucewa ga magaji. A Birtaniya da yawa daga cikin waɗanda ake miƙa wa 'yan sanda narka su ake yi, alhali wani kulob na matasa zai karɓa da hannu biyu. Kafin mai ƙima ya iso, kada a goge komai, ɗan mai a tsumma ya isa. A ɗauki hoton kowane tambari da kowace lamba, a kuma tattaro akwatin katakon da majanyin fata da gwangwanin ƙananan zobban saiti da littafin makin marigayin da lambobin yabonsa a ajiye su tare da ita, domin su ne za su tabbatar wa mai saye wane ne ya harba ta, a wace gasa, a wace shekara.